Amya Ta Ƙarshe

Ƙudan zuma sun zube a gindin ɗorawa kamar an watsar da baƙin wake. Wasu na ta birgima a ƙasa, ƙafafunsu ɗauke da garin fure, sun kasa tashi. Cindo ya hau bishiyar ya buɗe amya, babu ko ɗaya da ya harbe shi. 'Ya'yan da ke cikin saƙa sun yi baƙi, garin furen da aka tara musu kuwa warin maganin auduga yake yi, wanda gwamnati ta fara rabawa bayan bikin mulkin kai.

Ya cika ƙwarya da gawarwakin, ya nufi dandalin garin Illo, inda Lauwali malamin gona, ɗan ƙanensa, ke nuna wa manoma yadda ake goya famfon feshi. Ya juye masa ƙwaryar a kan takalma.

"Ga aikinka nan."

"Haba Baffa," in ji Lauwali, "ba wanda ya fesa wa amyarka magani."

"Furen da ka fesa wa fa, wa yake ci? Da ƙafafunsu suka kwaso gubar suka kai wa 'ya'yansu! Zumar nan uwarka ta dinga ɗura maka lokacin da ƙyanda ta kusa kashe ka."

"Bara tsutsa ta cinye audugar mutane, Baffa. Dubi gonaki bana."

Cindo ya juya ga manoman. Kowa ya sunkuyar da kai, sai Manu maƙwabcinsa ne ya ce, "A yi haƙuri, Cindo. Ai ƙuda ne."

Cindo ya ɗaga ƙwaryar sama. Ya yi jifa da ita ta tarwatse.

Amya guda ce ta rage da rai. Da sassafe ya toshe bakinta da ciyawa, ya ɗora wa jaki, ya tsallaka iyaka zuwa Dahome, wurin surukinsa Ango. Ango ya tarbe shi da fura, ya kama masa suka ɗaure amyar a kan kaɗanya, suka cire ciyawar.

"Ka zo a sa'a," in ji Ango, yana murmushi. "Zo ka ga abin da sabuwar gwamnatinmu ta aiko mana."

A zaure, sabon famfon feshi na jingine da bango, fentinsa ko ƙwarzane babu. Ta ƙofar, Cindo ya hango audugar Ango ta yi fure fari fat, ƙudan zuman da ya kawo kuma sun fara fita kiwo.