Rubutun Garzali a Goshin Tirela

Mas'uda malamar firamare ce a Wudil. Wata ranar Juma'a bayan an tashi makaranta ta hau adaidaita sahu za ta gida, cunkoson masu shanu ya tsayar da su a bakin Kara, kasuwar shanu. Tana fifita da gefen mayafinta, sai idonta ya faɗa kan wata tirela da ake wa lodi. A goshinta an rubuta ƊAN ƘWARAI da fenti ruwan ɗorawa, an yi masa inuwa ja.

Nan take ta gane hannun da ya yi rubutun. Haruffa ne masu kauri irin na da, kowanne tsaye a kan faffaɗar ƙafa kamar an sa masa takalmi, jikinsa ya cika a nan, ya sirance a can. Lanƙwasar Ɗ da Ƙ kuwa ta murɗe kamar ƙahon rago, ta ƙare da ɗigo. Yayanta Garzali kaɗai ke yin haka. Tun suna yara ya kwaikwayi haruffan daga jikin wani tsohon gwangwanin shayi na kakarsu, da ya ga babu masu lanƙwasa a ciki sai ya ƙirƙiro nasa.

Shekara goma sha ɗaya rabonsu da shi. Ya bar kwalejin horar da malamai ya kama rubutun allunan shaguna, abin ya ɓata wa mahaifinsu Malam Haladu rai, shi da ya yi shekara talatin yana hedimasta. Ran da suka yi cacar baki uban ya ce masa kada ya ƙara taka masa gida. Garzali ya ɗauki gwangwanayen fentinsa ya fita, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Mas'uda ta sauka, ta ratsa tsakanin shanu da dillalai har ta iske direban, wani dattijo mai suna Tasi'u. Suka gaisa.

"Malam, don Allah wa ya yi maka rubutun nan?"

"Wannan? Ai Garzali Mai Fenti ne, a Lokoja, bara kafin azumi. Duk direban da ke bin hanyar Kudu ya san shi. Tun daga nesa ake karanta rubutunsa, ko mota na gudu. Masu bugawa da na'ura sun yi sun yi, ba su fitar da irinsa ba."

"Yana can har yanzu?"

Tasi'u ya dube ta sosai. "Malama, ke wace ce tasa?"

"Ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya sunkuyar da kai. "Inna lillahi. Ashe ba ku ji ba. Allah ya yi masa rasuwa bayan Babbar Sallah. Ciwon ƙirji ne, kwana tara ya yi. Da ni aka kai shi makwancinsa."

Mas'uda ta tambaye shi ko yayan nata ya bar iyali. Tasi'u ya ce mamacin ya bar mata ɗaya, Sakina, da 'ya mace. Ya karanto mata lambar wayar matar, ya ce shi sai bayan la'asar zai tashi.

Ta iske mahaifinta a zaure ya dawo daga masallacin Juma'a. Ta durƙusa ta faɗa masa, ba ta ɓoye komai ba. Malam Haladu bai yi kuka ba. Ya riƙe carbinsa ba ya ja, can ya ce, "Motar tana nan?"

"Tana nan, Baba."

"Kai ni."

Yanar ido ta daɗe da kama shi, ko jarida sai dai a karanta masa. Mas'uda ta riƙe hannunsa har gaban tirelar, Tasi'u ya kori mutane suka ba shi wuri. Tsohon ya ɗaga kai, ya ƙanƙance idanu, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan... ƙwarai," ya karanta a hankali. "Mas'uda, shekara uku ban karanta komai da idona ba sai yau. Kuma ni na ce masa aikin banza ne."

Ya tsaya a wurin har aka gama lodi. Da Tasi'u ya tayar da mota, tsohon ya matsa gefe, ya yi masa addu'ar sauka lafiya.

A gida suka kira Sakina, Mas'uda ta sa wayar yadda duk za su ji. Da matar ta gane ko su wane ne, sai ta fashe da kuka. Daga baya ta ce yarinyar shekararta biyar, sunanta Rahinatu, sunan mahaifiyar Garzali, Ummi suke kiranta.

"Ina Inna?" in ji Sakina. "A ba ni ita in gaishe ta. Har ranar da ya rasu maganarta yake yi."

Mas'uda ta dubi mahaifinta. Inna ta rasu shekara shida da suka wuce, ba su san inda za su aika masa ba. Malam Haladu ya miƙa hannu ya karɓi wayar, ya faɗa wa surukarsa da bakinsa. A nan ne ya yi kuka.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka zo ta'aziyyar wanda ya yi wata biyar a ƙasa. 'Yan uwa daga Utai da Indabo suka cika zauren. Bayan kwana uku Malam Haladu ya ce a nemo masa mota zuwa Lokoja. Mas'uda ta ce tafiyar ta yi masa nisa, ya bari Sakina ta kawo yarinyar. Ya ce a'a, shi ya kamata ya je. Ta ɗauki hutun mako guda a makaranta ta raka shi.