Wanda Ya Sayar da Jarin Mai Wanki

Dillalin nan mai tabarau, na tebur na uku daga ƙofa, shi ne ya sayar da hannun jarin Mai Wanki. Ranar Talata da hantsi ya sayar, kaf, bai rage mata ko ɗaya ba, bai kuma kira ta ya ce mata kanzil ba. Haka ta faɗa wa mai gadin ofishin, haka ta faɗa wa matar da ke karɓar baƙi, kuma duk ba ta rage murya ba.

Ita dai ba ta yi boko ba, da babban yatsa take sa hannu. Shekara ashirin da uku tana wanke kayan mutane, har fatar hannunta ta koma kamar ɓawon itace. A bakin baho ta gane abu ɗaya: ko ana tsada ko ana araha, sabulun nan mai koriyar takarda ba ya kwana a kanti. Da wata mata da take yi wa wanki ta ce ana iya sayen wani yanki na kamfanin da ke yin sa, sai ta fara kai ɗan abin da ta tara ofishin dillalan hannun jari, duk bayan wata uku. Sau biyu kasuwa ta faɗi warwas a shekarun nan, masu ilimi suka yi ta sayarwa hannu bibbiyu. Ita kuwa sai ta zaga kantunan layinsu, ta ga ana ta sayen sabulu, ta koma ta ci gaba da shanyarta. Ribar da kamfanin ke rabawa duk shekara ita ke biya mata hayar ɗaki. Ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, amma mabuɗinsa a ƙugunta yake, ba ta zaune a gidan suruki ana auna mata ruwan wanka.

Wata huɗu da suka wuce ofishin ya aika cewa kowa ya zo a mayar da takardunsa cikin waya. 'Yarta, mai aikin jinya, ta raka ta. Aka yi ta maganar boko a kanta, aka miƙo takardu shida, ta dangwala yatsa a duka. Ashe ɗaya daga ciki umarni ce: in farashi ya sauka ya taɓa wani layi, a sayar nan take, ba sai an tambaye ta ba. Ranar Talatar aka baza jita-jitar cewa masana'antar ta kama da wuta. Farashi ya zube, ya taɓa layin, aka sayar. Kafin azahar aka gane wani ɗan ɗakin ajiye kwalaye ne ya ƙone. Kafin Juma'a farashin ya haura inda yake da.

Da ta iso teburinsa, mai tabarau ya miƙe ya ja mata kujera.

"Mama, sannu da zuwa. Ya ƙafar?"

"Ga ta nan, ta kawo ni. Wa ya ce ka sayar?"

"Ai ba ni na sayar ba, Mama. Na'ura ce. Da farashi ya kai layin, ita da kanta take yi."

"To kira mini ita."

Wani dattijo da ke jiran layi ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Mai tabarau ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa, ya nuna mata wani zane da ya gangara ya sake hawa, kamar igiyar shanya da aka rataya wa jiƙaƙƙen bargo a tsakiya.

"Nan ne aka sayar," in ji shi, ya ɗora biro a ƙasan ramin.

"A gindin rijiya ke nan."

"Mama, da wutar gaskiya ce, da yanzu godiya kike yi mini."

"Da. An shuka 'da' bai fito ba. La'adar sayarwar fa, ita ma na'urar ce ta ci?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ofis ne ke karɓa."

"Ofis yana da ciki ke nan, baki ne ba shi da shi."

Ana cikin haka 'yar ta shigo da farin kayan aikinta, tana haki, don daga asibiti ta yanko da ta ji inda uwar ta nufa. Ta durƙusa gefen kujerar.

"Umma, ni na ce a sa. Ya yi mini bayani, na ga kamar kariya ce. Na tuna wancan karon da kasuwa ta faɗi, jininki ya hau har kwana uku."

"Jinina ya hau, na sayar?"

"A'a."

"To tashi, kina ɓata kayan aiki. Ke allura kika karanta, ba wanda ya biya ki la'ada a kaina." Ta juya ga dillalin. "Kai kuma, ɗan nan, ina zaune a kujerar nan ranar. Kurma ce ni? Ka tambayi 'yata ka bar mai kaya."

Dillalin ya ce kuɗinta suna nan, ba wanda ya taɓa su. In tana so a sake saya yau, za su kawo mata kashi bakwai cikin goman da take da su a da. In ta yi haƙuri ta jira, wataƙila farashi ya sauko ta samu tara, wataƙila kuma ya ƙara hawa ta samu shida. Shi dai a ganinsa ta jira.

Mai Wanki ta dubi hannuwanta. Ribar bakwai ba za ta kai ta ƙarshen shekara a ɗakin ba, kuma hannun nan ya daina matse bargo tun bara.

"Umma, ɗakin yara yana nan, ki dawo wajenmu kawai," in ji 'yar. "Shi ma babansu ya ce..."

"Ya ce, na gode masa." Ta buga tebur da yatsa. "Saya. Yau. Ganinka na wancan karon ya ishe ni. Takardar layin nan kuma ka ciro ta ka yaga a gabana."

Ya danna abin da zai danna. Ya je ya ɗauko takardar, ya ce doka ba ta yarda a yaga ba, sai dai a soke. Ya ja mata layi biyu, ya buga hatimi, ya juyo da kwamfutar ya nuna mata an saya. Ya miƙe, alamar an gama.

Ba ta miƙe ba. Ta cire takalmanta ta jera su a ƙarƙashin kujera, ta gyara mayafi.

"Bakwai sun dawo. Saura uku."

"Mama, wannan sai dai manaja, kuma yana taro a sama."

"Ai taro yana ƙarewa. Hau ka gaya masa wata tsohuwa na nan ƙasa, ba ta iya karatu ba, amma ta san goma ba bakwai ba ce. Ba na son ruwan sanyi, ba na son a ce mini na'ura. Mutum ya rubuta takardar nan, mutum ya miƙo mini ita bai karanta mini ba, mutum ya ci la'ada sau biyu. A fito mini da shi ya tsaya nan, ya gaya mini wa zai biya ukun nan."