Hayaniyar da Manzo Ya Share

Tun da wani kamfani na ƙasar waje, masu ƙera lojisiyel, wato manhajar haɗa kiɗa da ɗaukar murya, sunka sa ƙanena Manzo cikin masu gwada musu kaya, kunnenmu bai sake hutawa ba. Sun aiko mishi da riga mai tambarinsu, ya maishe ta kamar fatar jikinshi. Sutudiyon nashi kuwa ɗan ɗaki ne bayan tashar Madawa, an lulluɓe bangon da kwalin ƙwai, amma in yana magana sai ka ce shi ka riƙe da rediyon ƙasa. Ni ma, Jaratu, ban bar shi shi kaɗai ba, duk inda na zauna sai na yi fariya da shi.

Fariyar nan ce ta kai har Karofan, kunnen Gwaggo A'i, aminiyar marigayiya innarmu. Ranar kasuwar da ta wuce sai ga ta ƙofar gidana, ta sha ƙurar mota, da ɗan katin salula ƙulle a bakin zanenta.

"Jaratu, an ce yaronku na gyaran murya. Waƙar nan ta fara shaƙewa."

Na san waƙar, kowa a Karofan ya san ta. Ranar da mata sunka yi daɓen ɗakin ɗiyarta Fiddausiya ce, Gwaggo na bada waƙa, mata na amshi, wata ta ɗauka da salula. Na kuma san ba don waƙar take sauraro ba. Can tsakiya, bayan bugun madaɓi da kukan awaki, akwai muryar Isaka, ɗanta na fari. Ya shigo da jarka yana cewa, "Inna, ga ruwan. Inna?" Ita ko ta ci gaba da waƙarta, shi kuma ya yi dariya ya fita. Bayan kakar nan ya tafi Abijan neman abinci, ciwo ya kama shi, can anka rufe shi. Ba wata muryarshi da ta saura duniya sai wannan.

To amma Gwaggo A'i mutuniyar dā ce. Ɗan fari ba a faɗin sunanshi, ba a nuna ana son shi. Tun yana raye "yaron nan" take ce mishi, da ya rasu ya koma "wancan". Waƙar ita ce mayafinta. In ta kunna, kowa sai ya ce tsohuwa na jin muryarta ne.

Munka iske Manzo da kas ɗin sauraro a kunne, yana kaɗa kai gaban ordinatar, kwamfutarshi ke nan. Ya duƙa ya gaishe ta, ya amshi katin.

"Gwaggo, mi za a yi mishi?"

"A ɗaga shi dai, ɗana. A ji komi da kyau."

Komi, ta ce. Na buɗe baki in ƙara bayani, sai na ga tana zaune dab da ni, idonta ƙasa. Ta yaya zan tone ta gaban yaro? Na ce a raina ai Manzo ya san Isaka, tare sunka yi kiwon awaki wata damina, da ya ji zai gane. Na ja ta munka tafi cikin kasuwa sayen albasa.

Da munka dawo, dariyarshi har kunne.

"Yaya, zo ki ga ikon Allah! Sabon maɓalli ne kamfani sunka aiko in gwada. Danna ɗaya, duk wata hayaniya ta tafi. Katin ma ya kusa mutuwa, na wanke shi tas na zuba sabuwar."

Kafin in ce uffan ya kunna.

Wallahi muryar ta fito. Ban taɓa sanin Gwaggo na da murya haka ba, garau kamar tana tsaye cikin ɗakin. Ba madaɓi, ba awaki, ba iska. Wasu samari masu jiran a ɗauki waƙarsu sunka leƙo suna cewa kai, tsohuwa ta iya. Ita ko ta karkata kai wajen bafal ɗin da sautin ke fitowa, hannunta bisa gwiwa. Na ga leɓenta na bin baitin, ana matsowa wurin. Anka zo wurin. Muryarta ta ja numfashi ita kaɗai, ta wuce.

Ba ta motsa ba har waƙar ta ƙare.

"Ya yi kyau," ta ce. "Allah shi yi albarka."

Na finciko Manzo da rigar kamfanin tashi har bayan ƙofa.

"Kai wane irin sakarai ne? Kunnen nan naka ado ne? Ba ka ji namiji na magana ciki ba?"

"Na ji wani na surutun ruwa, Yaya. Ai shi ya fi ɓata waƙar."

"Isaka ne, don ƙaniyarka! Isakanta!"

Ya koma ciki da gudu, ya hau bincike. Tsohuwar waƙar da ya kwafa, a kanta ya ɗora sabuwar, don ordinatar ɗin ta cika da bidiyon biki. Salular da anka ɗauka da ita tun tuni ta faɗa rijiya, wannan Fiddausiya ta faɗa mini da bakinta. Ya rubuta wa kamfanin da Faransancinshi na lakwal ɗin boko, yana goge zufa da rigarsu. Ba su daɗe ba sunka amsa, cikin ladabi kuwa. Sun ce abin da anka ɗora wani a kai ba ya dawowa, sun gode da ya sanar da su, gaba za su sa gargaɗi kafin mutum ya danna.

Na zage shi, na ƙara zaginshi, amma zagin bai sauke mini komi ba. Shi bai sani ba. Ni na sani, na tafi ina taya albasa. Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga ido in dubi kujerar da take zaune.

Duk wannan kai da kawo Gwaggo na kallonmu. Samarin ɗaya bayan ɗaya sunka sulale. Manzo ya zo ya durƙusa gabanta, ya cire kas ɗin daga wuya ya aje ƙasa.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Na ɓata miki abu."

"Ba ka ɓata ba, ɗana. Abin da na ce ka yi."

Ta amshi katin, ta fara ƙulle shi a bakin zane, ƙullin ya ƙi. Ta warware, ta sake. Na duƙa in taya ta, ta janye hannunta.

"Ranar nan ya kira ni, ya sake kira," ta ce, ba ni take kallo ba. "Mata na wurin. Ban amsa ba."

Waje masu kabu-kabu na ta kiran fasinjan Buza.

Sai ta juya wajen ordinatar ɗin, ta nuna ta da haɓa.

"Manzo, shi wanga abu, in ya share hayaniya, ina yake zubawa? In da nisa ne zan iya tafiya."

Manzo ya sunne kai, hawaye na ɗiga bisa tambarin rigar.

Na san Gwaggo A'i tun ina goye, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ko ranar da labarin Abijan ya zo. Ta dube shi, ta dube ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ku faɗa mini dai. Ina kunka kai Isaka?"