Farin Zalɓen Tabkin Kurma

Duk ƙasar Daura, daga Sandamu har ka dangana da Kongolam, babu tabkin da ake buɗe sunsa irin yadda ake buɗe na Kurma. Ko'ina mai gari ne yake sa rana. A Kurma kuwa tsuntsu ake jira.

Da ruwan sama ya ɗauke, sai a ɗaure tabkin. Ba mai jefa koma, ba mai tsoma ƙafa ya wuce gwiwa, ko da Sarkin Ruwa ne da kansa. Haka za a zauna, kifi yana girma, ruwa yana ja, har ranar da farin zalɓe zai sauka tsakiyar tabkin ya tsaya da ƙafafunsa. Ran nan sai Sarkin Ruwa ya sa a yi shela, a taru, ya busa ƙaho, kowa ya faɗa da komarsa.

Kada a ce balbela, wadda take bin gindin shanu tana tsintar fara. Wannan ya ninka ta, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Ƙafafu baƙaƙe wuluk, baki rawaya da rani, da damina kuma ya koma baƙi, wasu siraran gasu su zubo masa a baya lokacin da yake yin sheƙa kan giyayya. Ba ya son jama'a, ɗan'uwansa ma in ya matso sai ya yi masa wani gurnani ya kore shi. Zai tsaya cak kamar an dasa shi, wuya a lanƙwashe, sai ka ga ya soka baki ya ɗago da ƙarfasa ko kwaɗo. Ba ya iyo, ba ya yarda ruwa ya taɓa masa ciki. Saboda haka inda duk ya tsaya, ko gurgu zai iya tsayawa. Mutanenmu kuwa manoma ne, a cikin ɗari da wuya ka sami biyar da suka iya iyo.

Kalilu ne Sarkin Ruwa, shekara arba'in da ɗaya ke nan yana riƙe da sarautar. Ya ga farin da ya ƙarar da shanu, ya ci ganye ya rayu, ya binne sa'o'insa, kuma ba ya bari a manta. A gindin kukar kasuwa yakan bugi ƙirji ya ce, "Tabkin nan? Na san shi fiye da cikin ɗakina. Ko an ɗaure min ido zan faɗa muku zurfinsa."

Shekara ta biyu da ƙaddamar da Shari'a aka yi damina mai nauyi, tabkin ya cika har ya ci gonaki. Bazara ta shigo, rumbuna sun fara sauƙi, miya ba ta da ko ƙamshi, amma zalɓen yana nan baki-baki, ya ƙi shiga tsakiya. Sai Malam Nu'uman, matashin da ya dawo daga karatu yana limanci, ya yi wa Kalilu magana bayan la'asar a gaban mai gari Jafaru.

"Baba, da girmanka. Musulmi su zauna da yunwa suna jiran izinin tsuntsu? Wannan ai canfi ne."

Amsar tana bakin Kalilu. Da ya ce ba izini ba ne, awo ne, ƙafar tsuntsun ita ce sandarmu, da magana ta ƙare. Amma Mati, abokinsa tun na ƙuruciya, wani gajeren mutum mai tsokana, ya riga shi.

"Malam, bar shi. Ashe duk shekarun nan zalɓe ne Sarkin Ruwa, wannan maroƙinsa ne."

Aka fashe da dariya. Kalilu ya ji ta har cikin ƙashi.

"Kai, tsugunne-tsaye, rufa min baki! Ni zan jira tsuntsu? Ranka ya daɗe, a yi shela. Asabar mai zuwa."

"Ka tabbata, Sarkin Ruwa?" in ji mai gari.

"Ruwan bai wuce cinya ba. Ni na faɗa."

Kwana biyar yana zuwa bakin tabkin da sassafe, yana duban tsuntsun, yana roƙon Allah ya tura shi tsakiya. Tsuntsun sai ya tashi, ya naɗe wuya, ya ratsa ta saman tsakiyar a hankali, ya sauka can ɗaya gefen kusa da gaɓa. Kubura matarsa ta lura ba ya cin tuwo.

"Malam, in ba ka tabbata ba, ka je ka warware."

"An riga an yi shela har garin Babban Mutum."

Ran Asabar tun hantsi bakin tabkin ya cika. Mutane sun fi ɗari biyar, wasu a kan jakuna, wasu a kekuna, masu ƙosai sun kafa kasko. Kowa ya naɗe wando ya riƙe koma, tsofaffi a gaba don su ake ba wuri. In aka busa ƙaho ba a takawa, gudu ake yi, na baya yana tura na gaba, kowa tsakiya yake nufa inda kifin ya taru.

Kalilu ya ɗaga ƙahon. Ya dubi layin gaba, ya ga Mati yana washe baki, ya ga liman da kansa ya tuɓe babbar riga. Ya sauke ƙahon ya miƙa wa mai gari.

"Riƙe min."

Ya shiga shi kaɗai, abin da Sarkin Ruwa bai taɓa yi ba kafin busa. Gwiwa. Cinya. Ƙugu. Hayaniya ta fara mutuwa. Ƙirji. Bai ma kai tsakiyar ba ruwan ya taɓa masa gemu, ya ƙara taku ɗaya, hularsa kaɗai ta rage tana yawo. Da ƙyar ya taso, ya yi iyo ya dawo baya, ya fito yana tari, taɓo har wuya.

"Jama'a, ku koma gida," ya ce. Muryarsa ba ta fita, sai ya sake. "Ku koma! Ƙarya na yi. Ban san zurfinsa ba, ban taɓa sani ba. Tsuntsun nan ba ya shiga inda ya fi ƙafarsa, shi nake kallo, shi ubana ya kalla. Shi ke nan sanin."

Wanda ya taso daga nesa ba ya jin irin wannan. Aka yi ta zagi, wani ya jefo masa ɓawon rake. Mati ya shiga iya gwiwa ya janyo hular da sanda. Malam Nu'uman ya tsaya yana duban inda ruwan ya rufe tsohon, ya daɗe, sannan ya ce, "Baba, me ya hana ka faɗa min haka tun ran nan?"

"Dariya aka yi, ɗan nan."

Mai gari bai mayar masa da ƙahon ba. Ya ce mutumin da ya tara ƙasa guda a kan ƙarya ba zai sake tara ta ba, kuma Kalilu bai yi musu ba.

Kwana ashirin da uku bayan nan zalɓen ya sauka tsakiya. Liman ne ma ya fara gani, yana dawowa daga wata jana'iza. Wani ƙanen mai gari ya busa ƙahon, busar ma ba ta fita da kyau ba. Kalilu ya shiga cikin tsofaffi da tsohuwar komarsa, kafaɗa da kafaɗa da Mati, ruwa iya cinya. Duk wanda ya shiga ran nan ya fito da ƙafafunsa.