Furannin Kafinta Gottlieb

A zamanin da Eckhart Wehrheim ke tashe, da wuya ka shiga gida a Frankfurt ba ka ga aikinsa ba. Shi ke zana wa wani babban kamfani surar kayan da yake ƙerawa, irin su rediyo da agogon tebur da injin niƙa kofi, duka farare sumul, ba ado ko na ɗigo. Yayarsa Irmtraud kuwa tana ƙauye tare da mahaifinsu Gottlieb, tsohon kafinta wanda katako bai taɓa fita daga shagonsa ba sai da furen da ya sassaƙa a jikinsa. Ita ta raini Eckhart bayan rasuwar uwarsu, ita ce kuma ke yanko hotonsa a jarida tana liƙa wa tsohon a bangon shago.

Wata Lahadi sai ga Eckhart ya iso ƙauyen a farar motarsa. Ko kwat bai cire ba ya ce za a ba shi lambar yabo, yana son aron kujerar da Baba ya sassaƙa wa marigayiya uwarsu.

"Me za ka yi da ita, Ecki?" in ji Irmtraud.

"Na hana ki kirana da sunan nan. Nuna ta zan yi a wajen taron. In kuna son zuwa, ban hana ba."

Gottlieb ya wuni yana goge kujerar da kakin zuma. Kafin mako ya zagayo babu wanda bai ji labari ba, daga fasto har abokan shan giyarsa: aikin hannunsa zai hau dandamali a birni. Ran taron Irmtraud ta goge masa kwat ɗinsa na zuwa coci, suka hau jirgin ƙasa da guzurin burodi da cuku.

Zauren ya cika da manyan kamfanoni da malaman jami'a. Eckhart ya karɓi lambarsa, ya yi godiya a taƙaice, sannan ya yaye ƙyallen da aka lulluɓe kujerar da shi.

"Ku dubi wannan," ya ce. "Wanda ya yi ta ya ƙarar da sanyin shekara guda yana sassaƙa furanni a daidai inda bayan mutum zai jingina. Ka zauna ta soke ka, ka tashi ta tara ƙura. Ashe da katako ma ana shara ƙarya. A cikin irin wannan tarkace na tashi, kuma duk abin da na zana a rayuwata guje masa nake yi."

Zaure ya kwashe da dariya. Gottlieb kunnensa ya yi nauyi, da ya ga ana dariya sai shi ma ya washe baki yana tafi. Ya taɓa Irmtraud.

"Me yaron ya ce?"

"Ya ce ta yi kyau, Baba."

Wata mata mai sarƙar lu'ulu'u da ke gefensa ta ji su, ta ga ya kamata ta taimaki tsoho. Ta matso daf da kunnensa ta ɗaga murya. "A'a, dattijo! Cewa ya yi ita ce abu mafi muni da ya taɓa gani, wai wani ɗan ƙauye ne ya yi ta!"

Hannuwan Gottlieb suka tsaya a sama, sannan ya sauke su kan gwiwa.

Da aka tashi, Irmtraud ta kutsa cikin masu gaisuwa ta ja ƙanenta gefe.

"Ubanka ne fa, Eckhart. Da kuɗin furannin nan ka yi karatu."

"Na kama suna? Kuma in ƙarya na yi, ki faɗa." Ya leƙa ta kafaɗarta. "Baba, ka ci abinci? Ga tsiran alade can, ku ci kafin jirginku."

"Ka iya magana, yaro," in ji Gottlieb.

Kujerar ba ta dawo ba. Eckhart ya riƙa yawo da ita daga jami'a zuwa jami'a, ɗalibai na dariya a daidai gurbin da aka yi dariyar farko. Gottlieb ya daina zuwa gidan giya. Wata safiya Irmtraud ta ji ƙarar aiki a falo, ta tarar da shi yana kankare furannin jikin kwabet ɗin ajiye kwanuka. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta ɓoye masa kayan aiki, ya nemo. Daga kwabet ya koma kan gado, daga gado ya koma ƙofa. Kafin sanyi ya shigo babu fure ko ɗaya a gidan, sai fararen tabo a jikin katako.

Na ƙarshe shi ne akwatin gawarsa, wanda ya ƙera wa kansa tun yana da ƙarfi, da reshen inabi zagaye da murfin. Shi ma ya goge shi tas. Bai ga bazara ba.

Eckhart ya iso jana'iza a makare. Ya tsaya kan akwatin, ya shafa murfin da tafin hannu, ya duba kusurwoyin kamar mai duba kaya a masana'anta.

"Ba laifi," ya ce. "Ashe tsohon ya koya daga ƙarshe."

Irmtraud ta ɗauke shi da mari a gaban fasto. Ya gyara tabarau, ya ce da masu ɗaukar gawa su yi haƙuri da ita, ta gaji ne.

Ya ƙara shekaru masu yawa yana shan yabo, har aka sa wa wata makaranta sunansa. Da gashinsa ya yi fari, zamani kuma ya koma son aikin hannu, sai ya fara gaya wa 'yan jarida cewa a shagon mahaifinsa ya koyi girmama katako, har muryarsa na rawa. Irmtraud ta ji shi a talabijin a gidan tsofaffi. Ta ce da mai jinya ƙarya yake yi, ta fara ba ta labarin tun daga farko. Mai jinyar ta ce to, Mama, ta gyara mata bargo, ta wuce ɗaki na gaba.