Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Inna ba ta taɓa kiran sunan Halilu ba. Ɗan fari ne, kunya ta hana. "Yayanku" take cewa, ko ta aika yaro ya kira shi alhali yana zaune gabanta.

Shekara bakwai ke nan da ya ɗauko wake daga Dawanau zai kai kudu. Ruwa ya cinye hanya a Lakwaja, aka koma tsallakar da mutane a kwalekwale, nasu ya kife. Ba a ga gawarsa ba. Aka yi masa salla a ƙauyenmu na ƙasar Kunci, ba makara, ba kabari.

Tun daga nan bakin zaurenmu bai ƙara bushewa ba. Ko cikin bazara, in gari ya waye sai ka ga danshi daidai inda mutum zai tsaya ya yi sallama. Ni na ɗora wa akuyoyin maƙwabta laifin, don ba na son dogon zance. Inna kuwa cewa take, "Yana zuwa, Tahira. Ba a kira shi ba ne, shi ya sa ba ya shigowa." Maganar tana ba ni haushi, tana kuma tayar mini da tsigar jiki.

Da malaman makarantarmu suka shirya yawon buɗe ido zuwa Lakwaja, na ƙi sa sunana. Sai Inna, wadda ko Kano sai an yi da gaske take zuwa, ta ce a rubuta mu biyu.

Mun hau Dutsen Patti, aka nuna mana inda kogin Kwara ya haɗu da na Binuwai. Abokan aikina sai ɗaukar hoto suke ana washe baki. Da muka sauko bakin ruwa, Inna ta juyo ta tambaye ni.

"Duk wannan ruwa ne?"

"Shi ne, Inna."

Matar da ta saba da rijiya da kududdufin damina! Amma da aka kawo jirgin ruwan da zai zaga da mu, ta riga kowa shiga. Da muka kai tsakiya, direban ya kashe inji don a ga yadda ruwan kogunan biyu ke tafiya kowa da launinsa. Wuri ya yi tsit. Inna ta kama gefen jirgin, ta gyara mayafi.

"Halilu!"

Shekarata talatin da huɗu, ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ya fito a karye, kamar ba ta san inda ake ja masa ba. Ta sake kira, wannan karon da ƙarfi, ta karkata kai tana saurare irin na mai jiran amsa daga bayan gida. Duk masu hoton suka sauke wayoyinsu. Can ta zauna, ta ce, "Ya ji."

Muka dawo gida. Washegari na leƙa bakin zaure, ƙasa a bushe ƙamas. Wallahi na ji daɗi, na ce an huta. Kwana uku Inna tana fita ta duba, ta dawo, tuwon ma sai ta jagwalgwala ta ture.

A rana ta huɗu na fito zan tafi makaranta, na tarar da ita durƙushe a bakin zauren da buta a hannu, tana tsiyaya ruwa a hankali daidai wurin. Ta ɗago ta dube ni.

"Da ban kira shi ba, da yana nan yana zuwa," ta ce.