Bishiyar da Ta Faɗi a Gunduma Biyu

Da guguwa ta kayar da tsohuwar bishiyar da ke bakin layinsu, Tela bai damu ba sai da ya tuna da ranar Laraba. Ranar ce likita zai duba gyambon ƙafar Inna, mahaifiyarsa, kuma ya ja masa kunne cewa in aka ƙara yin wasa da ƙafar nan, yanke ta za a yi. Layin kuwa mashiga ɗaya gare shi, ga gangar bishiya ta kwanta ta toshe shi, ko keke sai an ɗaga.

"Inna, mu cicciɓe ki mu tsallakar da ke, mota ta jira a can," in ji shi.

"Ni buhun gawayi ce? A gaban surukaina?" Ta juya fuska bango. "Bar ni da ƙafata."

Maƙwabta suna da gatura, amma babu wanda ya yarda ya taɓa ko reshe. Kowa ya san a babban birnin nan, wanda ya sari bishiyar hukuma 'yan sanda ne za su yi masa rakiya.

Tela ya rufe shago ya nufi ofishin Gunduma ta Bakwai, inda gidansu yake. Jami'in ya shimfiɗa taswira a kan tebur.

"Saiwar tana ina?"

"Tsallaken kwalbati."

"Ai tsallaken kwalbati Gunduma ta Takwas ce. Bishiya ta mai saiwa ce."

A ta Takwas wata jami'a ta saurare shi da fara'a. "Tunda ta bar ƙasarmu ta faɗa taku, ta zama taku. Ramin da ta bari ne namu."

"Ranki ya daɗe, ramin bai tare wa kowa hanya ba!"

Ta ba shi haƙuri, ta tura shi sashen kula da lambuna, can tsakiyar birni. Ya sha cunkoso, ya hau bene yana haki, ya tarar da wani dattijo yana fifita shayi.

"Tsaye take ko kwance?" in ji dattijon.

"Baba, da tsaye take me zai kawo ni?"

"To, ɗana, ba bishiya ba ce. Mu bishiya muke kula da ita. Abin da ya kwanta itace ne, ba ruwan hukuma da shi."

Tela ya dawo da yamma ƙafafu duk ƙura. Ya tsaya gaban gangar ya kai mata shuri, ya ji zafi, ya shiga zazzaga wa maƙwabta abin da ya gani. "Wannan ya ce saiwa, waccan ta ce rami, wancan ya ce wai ma ba bishiya ba ce, itace ne! Gobe Laraba, ni in yi yaya?"

Mai Burodi, wanda tandunsa ke ƙarshen layi, ya matso. "Tsaya, Tela. Itace ya ce?"

"Har nanatawa ya yi."

"Da bakinsa?"

"A'a, da hancinsa!"

Mai Burodi bai tsaya jin baƙar magana ba. Ya ruga gida ya fito da gatari. Kafinta ya kawo zarto, matan layi suka fito da kwanduna suna rige-rigen rassa. Kafin rana ta faɗi har ɓawon an kwashe.

Da safe tasi ta shigo har ƙofar gida. Tela da matarsa suka riƙe Inna ta zauna, suka miƙe mata ƙafar a kan matashi. Da motar ta zo bakin layi, Inna ta leƙa ta taga, ta kama haɓa.

"Kai, mutane ba su da tsoron Allah. Wa ya sa aka sassare bishiyar nan haka?"

Tela ya dafa kafaɗar direba.

"Ɗan'uwa, taka mota, don girman Allah."